Amsa: Idan injin ƙaramin jirgi ya mutu da dare, faɗowa yake yi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramin jirgi mai inji ɗaya zai faɗo kamar dutse in injinsa ya mutu cikin dare. A'a, fikafikansa suna nan, sai ya riƙa zamewa a iska kamar shaho. Cessna 172, wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, takan ci kusan mita 9 gaba a duk mita 1 da ta sauka, muddin matuƙi ya riƙe gudun da littafin jirgin ya faɗa.

To amma a Jos akwai tarko. Agogon tsayi daga bakin teku yake ƙirgawa, filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang kuwa ya haura mita 1,200. Agogo ya nuna mita 2,000, kai kuma tsakaninka da ƙasa bai kai 800 ba, wato tafiyar kilomita 7 da ƙyar. Duwatsun Shere ma sun fi filin jirgin tsawo.

Matuƙi zai fara gwada tayar da inji, ya sauya tankin mai, don sau da yawa mai ne matsalar: ya ƙare ko ruwa ya shiga. In ya ƙi, sai ya kira "Mayday", wato neman agajin gaggawa, a mitar rediyo 121.5, ya sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirgin ga masu kula da zirga-zirgar jirage.

Zaɓen wurin sauka ne tashin hankalin. Wuri mai duhu yana iya zama gonar dankali, yana iya zama kududdufin kuza ko tsauni. Titi kuma ga wayoyin lantarki ga tireloli. Ni dai, a bar ni da titi mai faɗi. Dab da taɓa ƙasa matuƙi yakan rufe mai, ya sassauta ƙofa kada ta maƙale.