Hukuncin warware saƙar da aka kasa gamawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tun ƙanwata tana da ciki na fara saƙa wa jaririnta rigar sanyi da ulu. Na gama gaba da baya da hannun rigar guda ɗaya, sai ciwon wuyan hannu ya tsayar da ni. Yanzu yaron har gudu yake yi, rigar ko kansa ba za ta shiga ba. Na so in warware in yi huluna da zaren, sai uwar mijina ta ce Alƙur'ani ya hana mace warware saƙarta. Shin ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Babu laifi a kanki, 'yar'uwa, ki warware abinki.

Ayar da surukarki take nufi ita ce ta 92 a Suratun Nahli, inda Allah Maɗaukaki ya ce kada mu zama kamar wadda ta warware zarenta bayan ta tukka shi ya yi ƙarfi. Sai dai a dubi ayar da ke gabanta: umarni ne da cika alkawarin Allah da hani ga warware rantsuwa bayan an ƙarfafa ta. An ruwaito daga Suddi, ɗaya daga malaman tafsiri na farko, cewa wata mata ce a Makka mai raunin hankali, duk abin da ta kaɗa sai ta warware shi. Mujahid da Ƙatada, su ma malaman tafsiri, kuma suka ce misali ne aka buga wa mai saɓa alkawari. Ko wanne aka ɗauka, abin zargi shi ne rusa aiki mai kyau ba don wata manufa ba. Ke kuwa zare kike son cetowa daga rigar da ba ta da mai sawa. Ki bayyana wa Hajiya wannan cikin ladabi, domin kishin Littafin Allah ne ya sa ta magana.

Wasu kan kawo aya ta 33 a Suratu Muhammad, wadda ta hana ɓata ayyuka. Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun kafa hujja da ita cewa wanda ya fara nafilar salla ko azumi wajibi ne ya cika. Amma wannan a ibada ne. Saƙa aikin hannu ne na halal, fara ta bai wajabta gama ta ba.

Ni abin da na fi ji miki tsoro shi ne ajiyar. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Allah ya ƙi mana tozarta dukiya. Kuɗi kika sa kika sayi ulun nan. Yana ƙunshe a leda a ƙasan akwati da tsinken saƙa soke a jikinsa, yana dusashewa, ga yara da hunturu ke kama su ba hula ba safa. Idan kin warware za ki ga zaren ya lanƙwashe. Ki naɗe shi, ki jiƙa, ki shanya a inuwa, zai miƙe. In hannun bai warke ba kada ki matsa masa, ki ba wata mai saƙa, sadaka ce.

Hukuncin yana canzawa idan akwai rantsuwa ko haƙƙin wani. In kin taɓa cewa "wallahi sai na gama ta", to ki yi kaffara kamar yadda ta zo a aya ta 89 a Suratul Ma'ida: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana 3. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman ɗan Samura cewa idan ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya yi kaffara ya aikata wanda ya fi. In kuma ƙanwarki ce ta sayi ulun ko ta ba ki kuɗin aiki, zaren nata ne, ba ki da ikon juya shi sai da izininta, kuma ki mayar mata da kuɗin abin da ba ki yi ba. Idan kyauta ce kawai kika yi niyya, ki gaya mata uzurinki, ki sa yaron cikin waɗanda za ki saƙa wa hula daidai kansa na yanzu.

Allah ya ba ki lafiya. Allah ne mafi sani.