An zaɓe ni a majalisar farish, amma Fada ne ke yanke magana: ina amfaninmu?

Tambaya:

Malam, ina gaisuwa. Ni uwa ce a wata farish ta Katolika a jihar Gombe, kuma Zumuntar Mata ce ta zaɓe ni in wakilce ta a majalisar farish. A zamanmu na baya kusan dukkanmu mun ce a fara haƙa rijiyar burtsatse, domin mata sun riga sun tara kuɗi da sunan rijiyar a lokacin godiyar kaka. Fada ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce katanga za a fara yi saboda tsaro. Ƙanwata da ke ECWA ta ce a wurinsu abin da dattawa suka tsayar shi ake yi. To in Fada ne mai maganar ƙarshe, don me ake wahalar da mu da zaɓe? Kuma muna da ikon tambayar inda baikonmu yake tafiya?

Amsa:

Mama, na gode, Allah ya ƙara miki ƙarfi a hidimar da 'yan'uwa mata suka ɗora miki. Magana biyu ce ta haɗu a wasiƙarki. A ta farko doka tana tare da Fada, a ta biyu kuwa ku take goya wa baya, kuma ina jin ba a taɓa faɗa muku hakan ba.

Kundin Dokokin Ikilisiya da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983 ya yi maganar majalisarku a doka ta 536. Abin da ta ce shi ne: idan bishop ya ga ya dace, bayan ya ji ta bakin majalisar fadoci, sai a kafa majalisar kiwo a kowace farish, Fada ne shugabanta, ƙuri'arta kuma ta shawara ce kawai. Saboda haka ko ku ashirin kuka ɗaga hannu, ba za ku iya tilasta wa Fada ba. Wani umarni da ofisoshin Batikan suka fitar a 1997 ya ƙara da cewa duk abin da majalisa ta tsayar a zaman da ba Fada ne ya shugabanta ba, ko wanda aka yi ba da yardarsa ba, bai zama doka ba. Tsarin su ƙanwarki daban ne da namu. A wurinmu bishop ne ya danƙa farish a hannun Fada, shi kuma zai amsa tambaya a kanta, gaban bishop da gaban Allah.

Sai dai inda mutane da yawa suke kuskure, har da wasu fadoci, shi ne ɗaukar cewa tunda shawara ce, jin ta da rashin jin ta duk ɗaya ne. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba. Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na duniya, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta ce duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo a aikin Ikilisiya, ta kuma umarci makiyaya su riƙa neman shawarar masu bi da zuciya ɗaya. Doka ta 212 ta ce masu bi suna da hakki, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su faɗa wa makiyayansu ra'ayinsu kan abin da ya shafi lafiyar Ikilisiya. Doka ta 127 kuma, da take bayanin yadda shugaba zai yi da shawarar da doka ta ce ya nema, ta ce ko da yake ba dole ne ya bi ta ba, kada ya saɓa mata sai da dalili mai rinjaye, musamman idan bakin masu shawarar ya zo ɗaya. A ganina wannan ma'auni ne da ya kamata kowane Fada ya riƙe a majalisarsa. Tsaro dalili ne mai nauyi, duk wanda ya zauna a Bauchi ko Gombe a shekarun da aka riƙa kai wa majami'u hari ba zai raina maganar katanga ba. Amma dalilin sai an buɗe shi a gaban majalisa: me ya gani, nawa katangar za ta ci, yaushe za a koma kan rijiya. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma ba a kiran mutane ɗaukar ɗaki a bar su tsaye suna kallo.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a wasiƙarki. Kin ce mata sun tara kuɗi da sunan rijiya. Idan haka ne aka sanar, kowa kuma ya bayar da wannan niyya, to wannan kuɗi ya fita daga cikin abin da ake muhawara a kansa. Doka ta 1267, sashe na 3, a fili take: kyautar da masu bi suka bayar domin wani takamaiman aiki, a kan wannan aiki kaɗai za a kashe ta. Fada yana iya cewa katanga ce za ta riga, ya gina ta da baikon Lahadi ko ya kira sabon taimako dominta. Kuɗin rijiya kuwa ya zauna yana jiran rijiya, sai fa idan waɗanda suka bayar ne suka yarda a juya shi. Don haka ki fara bincike a hankali: shin kuɗin rijiyar ne za a taɓa, ko kuwa aikin ne kawai aka jinkirta? Mai yiwuwa Fada bai yi niyyar taɓa shi ba sam.

Inda baiko yake tafiya kuwa, kuna da ikon tambaya. Majalisar kuɗi dabam take da taku, kuma ita ba a bar ta ga ganin damar kowa ba: doka ta 537 ta ce dole ne kowace farish ta kasance da ita. Umarnin da Batikan ta fitar kan farish a 2020 ya ce membobinta kada su gaza uku. Doka ta 1287 ta ɗora wa mai riƙe da dukiyar Ikilisiya ya kai wa bishop lissafi kowace shekara, ya kuma yi wa masu bi bayanin abin da suka bayar, bisa ƙa'idar dayosis, wato yankin da bishop yake shugabanta. Tambayar lissafi ba zargin sata ba ce. Fadan da ke karanta lissafi a gaban jama'a kansa yake karewa daga tsegumi, kuma mutane sun fi sakin hannu idan sun san inda kuɗinsu ya shiga.

Game da zaɓe, dokar Roma ba ta fayyace yadda za a samo membobi ba, ta bar wa kowane bishop ya tsara. Jihar Gombe tana ƙarƙashin Dayosis na Bauchi, wanda ya zama cikakken dayosis a 2003, Bishop Hilary Dachelem kuma yake jagoranta tun 2017, saboda haka ƙa'idar da ta fito daga ofishinsa ita ce ke aiki a kanku. Ki roƙi sakataren majalisa ya kawo ta a karanta a zama. Abin da aka saba gani shi ne wasu suna shiga saboda muƙaminsu, kamar katekis, wasu ƙungiyoyi ne ke zaɓensu, kamar ke, wasu kaɗan Fada ne ke naɗa su. Amfanin zaɓen shi ne Fada ya ji muryar da ba shi ya zaɓo ta ba. Da shi kaɗai ke tsinto mutane, da wuya a samu mai ce masa mata suna tafiya mai nisa neman ruwa kafin Misa. Ko a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, jama'a ne suka zaɓi mutum bakwai, manzanni suka ɗora musu hannu. Taron Sinod, wato taron shawara na bishop-bishop da wasu masu bi, da aka rufe a Roma a watan Oktoba 2024, wanda Fafaroma Francis ya amince da takardarsa ta ƙarshe, ya nemi a mai da irin waɗannan majalisu wajibi, kada kuma su zama na suna kawai.

Ina da ƙorafi a kanmu masu bi ma. Sau da yawa mai kuɗi ko mai jin Turanci ake zaɓa, majami'un ƙauye da ke ƙarƙashin farish ba su da kowa a zama, a yi taro da harshen da rabin ɗakin ba sa iya jayayya da shi. Ki nemi a riƙa yin zaman da Hausa ko a fassara, a ba ku batutuwan da za a tattauna kafin ranar, a kuma rubuta abin da majalisa ta ba da shawara da amsar da Fada ya bayar. Rubutun nan yana da amfani ranar da aka yi wa Fada canjin wurin aiki sabo ya zo.

Kan rijiyar, kada ki fara da tsakiyar taro, kada kuma maganar ta fara yawo a WhatsApp. Ki ɗauki shugabar Zumunta da ma'ajiyarku, ku je wa Fada a ofis da littafin da aka rubuta gudummawar, ku tambaye shi cikin ladabi inda kuɗin yake da lokacin da yake ganin za a fara haƙa. Idan ba a daidaita ba, akwai Fadan da ke kula da farish-farish na yankinku, wanda doka ta 555 ta ba shi aikin duba yadda ake riƙon dukiyar Ikilisiya. Bayansa sai wasiƙa zuwa ga bishop, da sunayenku da sa hannunku a ƙasa.