Mazari, gululu da zaren da ke cikin ƙwayar halitta

Wata ɗaliba 'yar Mai Wurno ta jihar Sinnar a ƙasar Sudan, mai karatun likita, ta aiko da tambaya. Ta ce: "Malam, a darasin rabuwar ƙwayar halitta ana koya mana al-migzal da al-jismul markazi da Larabci. Na so in yi wa kakata bayani da Hausa, kalma ta ƙi zuwa. Na ce mazari da gululu. Na yi daidai?"

'Yata, rabin amsarki daidai ne, kuma rabin ya faranta mini rai.

Mazari sunan kayan aiki ne, ƙirarsa ɗaya da mabuɗi da magirbi da matsefi: a sa "ma" a gaba, a rufe da "i". Larabci ma haka ya yi, migzal daga gazala, wato yin kaɗi. Turawa kuwa a hanyar nan suka bi. Walther Flemming, Bajamushen da ya raɗa wa wannan rabuwa suna mitosis a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare ya samo sunan. Kowa ya leƙa madubin ƙara girma, siffar nan ya gani: tsakiya da kauri, bakin nan biyu a tsuke, sak mazarin da zare ya cika. Kakarki da ta tashi a ƙasar auduga ba za ta buƙaci ƙarin bayani ba. Sai dai ki faɗa mata wannan mazarin ba ya juyawa. Aikinsa ja ne. Ƙwayar halittar mutum tana da kuromosom 46, wato ƙunsoshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kowanne an yi masa kwafi, zaruruwan su kama su, su jera su a tsakiya, sannan su ja rabi gabas rabi yamma.

A kan gululu ne ban yarda ba. Na sha zama kusa da tsofaffi suna kaɗi: ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin, gululun nan na yumɓu da ke gindinsa ya ba shi nauyi ya yi ta juyi. Iyakar aikinsa ke nan, zare ba ya fitowa daga jikinsa. Abin da Theodor Boveri ya kira santurosom a 1888 kuwa, wato al-jismul markazi ɗin naki, daga gare shi zaren ke tsirowa.

A tsakiyarsa akwai 'yan bututu biyu, kowanne an gina shi da rukuni tara na zare uku-uku. Kewaye da su akwai taron furotin. Idan rabuwa ta gabato, wasu sinadarai biyu, PLK1 da Aurora A, su ne ke ta da aikin. Sai furotin irin su ferisantirin da CDK5RAP2 da CEP192 su taru su yi danga mai kauri, dangar kuma ta riƙe wasu zobba na wani furotin mai suna gama-tubulin. Kowane zobe gindi ne. A kansa ake ɗora tubalan furotin ɗin da ake kira tubulin ɗaya bayan ɗaya har su zama zare mai rami a ciki, faɗinsa kamar nanomita 25 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita guda). Kafin nan santurosom ɗin ya riga ya zama biyu, wani furotin mai tafiya a kan zare ya tura su nesa da juna, kowanne ya kama kusurwarsa.

Karin maganar da ta dace a nan ita ce "tsintsiya maɗaurinki ɗaya". Mutane sun saba kawo ta a zancen zumunci, amma dubi hoton da ke cikinta: tsinke da yawa, bakinsu a baje, gindinsu a wuri guda. Mazarin ƙwayar halitta tsintsiya biyu ne suna fuskantar juna. Saboda haka ni zan ce "maɗaurin zare", ko "cibiyar zare" ga mai son ya kusanci ma'anar al-markazi. Na fi son maɗauri, domin yana nuna abin da ke faruwa idan aka sami matsala. In maɗaurai suka wuce biyu, ana iya jan kuromosom ta fuska uku ko huɗu, rabon ya lalace. Tun 1914 Boveri ya danganta irin wannan da ciwon daji. Haka nan lahani a ƙwayar gadon CDK5RAP2 yana sa a haifi yaro da ƙaramin kai da ƙaramar ƙwaƙwalwa.

Kada dai ki ce mata dole sai da wannan maɗauri. Tsirrai masu fure, har da audugar yankin Jazira na Sudan, suna haɗa mazarinsu ba tare da santurosom ba.

Wani mai karatu daga Madina ya tambayi ma'anar "jikinsa na rawa kamar mazari". Ɗana, kalmar tana da gida biyu: akwai na kaɗi, akwai kuma ƙwaron nan mai dogon jiki da ke shawagi a bakin ruwa. Dukansu suna karkarwa, amma ni na kaɗin nake gani, yadda yake ɓari a tsaye lokacin da zare ke naɗuwa a jikinsa.