Waɗancan da'irori kore da ake gani a Google Earth, wayata ce ta samu matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Jiya ina yawo a Google Earth na kai tsakiyar Amurka sai na ga ƙasa cike da da'irori kore kamar an jera faifai, ko wayata ce ta lalace ko hoton bogi ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau, gonaki ne na gaske. Ka rubuta Garden City Kansas a wurin bincike ka gani, nan ne hedikwatar gundumar Finney a yammacin jihar Kansas, fili ne shimfiɗaɗɗe fetal mai ciyawa, babu tsauni, bishiya ma sai jefi-jefi, ruwan saman da suke samu kusan milimita 500 ne a shekara wato bai wuce na wajen Maradi ba.

Abin da ke zana da'irar wani dogon bututu ne a kan tayoyi, an kafe bakinsa ɗaya a tsakiyar gona inda rijiyar burtsatse take, shi kuma yana zagayawa a hankali yana yayyafa ruwa. Wani manomi Frank Zybach ne ya ƙirƙiro shi, ya samu takardar mallakar fasahar a 1952. In kana so ka tabbatar da kanka, a Google Maps ka danna tsakiyar da'ira ka riƙe har alama ta fito, ka zaɓi Measure distance ka ja zuwa gefe, yawanci za ka samu kusan mita 400. Dalili kuwa tun 1785 gwamnatin Amurka ta tsara yanka ƙasar yamma murabba'i-murabba'i, mil ɗaya kowane gefe, sannan wata doka ta 1862 ta riƙa ba mutum eka 160, wato kashi ɗaya cikin huɗu na murabba'in, in zai zauna ya noma, ƙasar da a da ta ƙabilun 'yan asalin Amurka ce da garken ɓaunarsu kafin a kore su. To da'ira ɗaya ita ce ke zama cikin eka 160 ɗin, shi ya sa kusurwoyi huɗu suke bushewa.

Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake, wani makeken ma'ajin ruwa da ake kira Ogallala wanda ya ratsa jihohi 8 daga Dakota ta Kudu har Texas. Kafin a fara jawo shi mutanen nan sun sha wuya sosai, a shekarun 1930 fari ya haɗu da yawan kaftu, iska ta kwashe ƙasar noma ta zama guguwar ƙura, ranar 14 ga Afrilu 1935 rana tsaka gari ya yi duhu kamar dare. Yau masara da dawa da alkama suke nomawa, masarar kuma shanu ake ba, in ka matsa kusa da hoton za ka ga wasu filaye masu duhu an rarraba su, garken kiwon turka ne na dubban shanu. A Holcomb kusa da nan akwai katafariyar mahauta da aka buɗe a 1980, yanzu ta kamfanin Tyson ce, ita ta jawo ma'aikata daga Meziko da Biyetnam da Somaliya.

Tambaya: To hoton kai tsaye ne, ko zan iya ganin yadda wurin yake a da?

Amsa: Ba kai tsaye ba ne, hotunan sukan kai watanni ko shekaru. Amma ka buɗe Google Earth Timelapse a burauza, yana haɗa hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat tun daga 1984, ka kunna ka ga da'irorin suna sauyawa shekara bayan shekara. Ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne kogin Arkansas da ya bi ta Garden City, yawancin lokaci yashi ne zalla, saboda ana zuƙar ruwan ƙasa fiye da yadda damina ke mayarwa, rijiyoyi da dama sun ja baya. Manoman yanzu suna binne na'urar auna danshi a gona, suna kunna bututun su kashe daga manhajar waya irin su FieldNET, tarakta kuma GPS ke tuƙa ta, duk don kar ɗigo ya tafi a banza.

Tambaya: Yana cin data?

Amsa: Sosai ma, hoton satelait nauyi gare shi kuma ba ya shiga cikin taswirar da ake saukewa don amfani ba intanet. Ka bari sai ka samu wayfay ko ka sayi datar dare.