Filin Tambaya da Amsa: Aikin riƙon yara bayan an tashi daga makaranta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni budurwa ce mai shekara 22 a Garwa, ƙasar Kamaru, na tsaya da karatu bayan na ci jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Wata mata a unguwarmu ta buɗe wurin da ake ajiye yara 'yan firamare idan an tashi daga makaranta, har iyayensu su dawo daga kasuwa ko ofis, kuma ta nemi in riƙa kama mata daga ƙarfe 2:30 na rana zuwa 6:30 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, a kan sefa 25,000 a wata. Yaran su 24 ne, daga 'yan ajin farko (SIL) har 'yan ajin ƙarshe (CM2). Mahaifiyata tana ganin raino ne kawai aka sake wa suna, ni kuma tsoro nake ji domin ban taɓa koyarwa ba, Faransancina kuma ba mai ƙarfi ba ne. Ranar da na je ganin wurin na tarar da bulala a rataye a ƙofa. In karɓi aikin? Me ya kamata in sani kafin in fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki karɓa, amma bayan kin zauna da matar nan kun daidaita a kan abubuwan da zan faɗa miki. Ki fara cire tsoron Faransanci daga ranki, domin ba don koyarwa aka ɗauke ki ba. Malamai sun riƙe yaran nan tun safe, iyaye kuma ba za su dawo ba sai dab da magariba, abin da aka damƙa miki shi ne awannin da ke tsakani, lokacin da yaro ya fi yunwa, ya fi gajiya, titi kuma ya cika da babura. Mahaifiyarki ba ta yi kuskure ba da ta kira shi raino, sai dai rainon yara 24 na gidaje dabam-dabam amana ce mai ƙa'idoji, kuma ana koyonta kamar kowace sana'a.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, a kowane lokaci ki san yara nawa ne a hannunki, kuma ki san wa kika miƙa wa kowane ɗaya. Ki sayi littafin rajista, ki rubuta sunan kowane yaro, ajinsa, lambar wayar uwa da ta uba, da sunayen mutanen da iyayen suka yarda su zo ɗaukarsa. Ki ƙirga su idan sun iso, ki ƙirga bayan cin abinci, ki ƙirga kafin a buɗe ƙofa da yamma. Na dage a kan wannan ne saboda abin da ya same ni shekarun baya, lokacin da nake riƙe yara a zauren gidanmu. Wata yamma wani saurayi ya tsaya da babur ya kira wata yarinya 'yar shekara shida da sunanta, ita kuma ta ruga tana cewa "Kawu, Kawu", ni ina can ina ɗaure wa wani yaro takalmi, sai kawai na ɗaga masa hannu. Da uwar ta zo bayan rabin awa ta ce ba ta aiko kowa ba, na ji ƙafafuna sun kasa ɗaukata. Muka bi gidajen dangi da fitila, gyalenta yana jan ƙasa ba ta ma sani ba, sai bayan isha'i muka sami yarinyar a gidan kakarta tana barci. Kawun nata ne na gaskiya, wucewa ya zo yi ya ga ya kyauta. Tun daga ranar ban ƙara sakin yaro ga wanda sunansa ba ya cikin littafi ba sai na kira uwar na ji muryarta, ko da mai zuwan zai yi fushi, kuma da yawa sun yi. Idan mai babur na haya ne iyaye suka ɗauka yana kwaso yaran, ki san fuskarsa da lambar wayarsa, ranar da ya turo wani a madadinsa kuma ki kira iyayen kafin yaro ya hau.

Daga nan sai yawan yaran. Mutum ɗaya ba zai iya da 24 ba, musamman da yake akwai 'yan shekara biyar da shida a cikinsu, domin duk lokacin da kika raka ɗaya bayan gida kin bar 23 ba mai kallonsu. Ki tambayi matar ko ita ma za ta zauna kullum, ko kuwa da zarar kin saba za ta bar miki wurin ta tafi harkokinta. Idan babu babba na biyu a wurin, kada ki karɓa, ko nawa za a ba ki.

Game da yadda za ki tafiyar da yinin, kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su sa yara buɗe littafi da zarar sun ajiye jaka. Yaron da ya wuni a kan benci, ya kuma tako cikin ranar Garwa, wadda a watannin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, ruwa yake buƙata da abinci da inuwa. Ki sa su wanke hannu da sabulu, su sha ruwa, su ci abin da aka ƙunso musu, ƙananan su kwanta a tabarma, manyan su yi wasa marar hayaniya. Bayan sallar la'asar, rana ta yi sanyi, sai a zauna aikin gida na ɗan lokaci. A nan ma ba aikinki ba ne ki yi musu. Ki sa yaro ya karanta miki tambayar da ƙarfi, ki bayyana masa abin da ake nema da Hausa ko Fulatanci idan Faransancin ne ya tsare shi, sannan ki bar shi ya rubuta da hannunsa. Mai BEPC ta fi ƙarfin lissafin aji uku da huɗu (CE1 da CE2) nesa ba kusa ba. 'Yan CM2 masu shirin jarrabawar kammala firamare ta CEP kuwa, idan abu ya shige miki duhu, ki gaya wa yaron gaskiya, ki sa alama a littafinsa domin malaminsa ya gani, ya fi ki koya masa kuskure. Ki tuna kuma da yawansu suna da makarantar allo ko Islamiyya da yamma, saboda haka ki rubuta wa zai tafi, ƙarfe nawa, da wanda zai raka shi.

Bulalar da kika gani a ƙofa, ki roƙi matar cikin ladabi ta sauke ta. Na san za a ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma dokar tsarin ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan ɗalibai a makarantu, kuma wurin da iyaye ke biya domin a tsare musu 'ya'ya shi ya fi cancantar bin wannan hanin. Yaro mai rigima a irin wannan lokaci galibi yunwa ce ko barci ko neman a kula shi. Ki tsuguna daidai tsayinsa, ki kira sunansa, ki raba shi da abokin faɗan, ki ba shi aiki kamar rabon kofuna ko naɗe tabarmi. Idan abin ya ƙi, ki gaya wa iyayensa a keɓe, ba a gaban sauran yara ba.

Kafin ki fara, ki nemi horon taimakon gaggawa a reshen ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge (Red Cross) na garinku. Ki iya dukan baya tsakanin kafaɗu idan abu ya shaƙe yaro, ki iya wanke rauni da tsayar da jini. Kada ki ba ɗan wani magani, ko da na zazzaɓi ne, sai da izinin iyayensa. Yaron da jikinsa ya yi zafi ki kira uwarsa nan take, idan kuwa zazzaɓin ya zo da sanƙarewar wuya ko amai ko suma, musamman a lokacin hunturu da bazara da sanƙarau ke yawo a yankinmu, asibiti za a nufa ba tare da jiran kowa ba.

Batun kuɗi kuma, kada kunya ta hana ki magana. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kamaru ga masu aiki a wurare masu zaman kansu, ban da noma, sefa 60,000 ne a wata, kuma cikakken makon aiki awa 40 ne. Ke awa 20 za ki yi, wato rabi, saboda haka 30,000 shi ne ma'aunin da za ki riƙe. Ranar Laraba ana tashi da wuri, yara za su iso miki tun wajen azahar, sannan akwai iyayen da ba za su zo ba sai bayan magariba. Ki tambaya yadda za a lissafa waɗannan awannin. Ki tambaya kuma ko akwai albashi a lokacin dogon hutu na Yuli da Agusta, da ko za a yi miki rajista a CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata. Duk abin da kuka amince a rubuta shi a takarda, ku sa hannu ku biyu a gaban shaida, ki ajiye kwafinki.

TAMBAYA: Hajiya, ni matashi ne a Marwa, ina taimaka wa yayata da yaran da take riƙewa da yamma, kuma na ga ina son aikin. Yana da gaba ga namiji, ko ɓata lokaci nake yi?

AMSA: Yana da gaba, ɗana, kuma yara maza suna amfana da ganin namiji mai haƙuri a irin wannan wuri. Sai dai ka tsare kanka da su: kada ka keɓe da yaro ɗaya a ɗaki rufe, ka bar wa yayarka rakiyar bayan gida da sauya tufafin ƙanana, domin iyaye su natsu, kai ma ka tsira daga zargi. Idan kana son abin ya zama sana'arka, ka nemi shiga makarantar horar da malamai ta ENIEG, inda ake samun takardar CAPIEMP ta koyarwa a makarantun rainon yara da firamare. Ka je ofishin ma'aikatar ilimin sakandare na yankinku ka tambayi sharuɗɗan jarrabawar shiga ta bana da ranar rufe karɓar takardu, ka kuma roƙi yayarka ta rubuta maka shaidar watannin da ka yi kana aiki tare da ita.