Kar ki yanke shawara cikin zafin rai

'Yar'uwa sannu da haƙuri. Kin ce dattawa sun cire ki daga zumuntar mata ba su ma ji ta bakinki ba, kina tambaya ko ki bar cocin kawai. Gaskiya abin da ciwo, kuma kar kowa ya ce miki wai rashin bangaskiya ne ke sa ki kuka.

Duba Yohanna 9, makahon nan da aka warkar ai shugabanni ne suka kore shi, amma da Yesu ya ji shi da kansa ya nemo shi. A 3 Yohanna ma ga Diyotarifis mai son girma yana fitar da 'yan'uwa daga ikilisiya, kuma ba a goyi bayansa ba.

Ni dai shawarata ki fara samun fasto ke kaɗai, in bai saurara ba ki koma da mutum ɗaya ko biyu masu hankali kamar yadda Matta 18 ta nuna, in sun toshe kunne ba laifi ki nemi wata ikilisiya, gafara kuwa sai a hankali ba a yinta dole. Kafin nan kar ki kulle kanki a ɗaki ran Lahadi, kira wadda har yanzu take ɗaga wayarki ku yi addu'a tare.