Tambaya da Amsa: An tura min Creepshow 2 a cikin fina-finan yara, in kunna musu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na je a tura min fina-finai a waya, sai yaron shagon ya sa min Creepshow 2 a cikin na yara, ya ce katun ne mai ɗan ban tsoro da ban dariya. Na leƙa farkonsa, na ga kuwa ya koma zane. Maigidana ya ce ya kalle shi tun zamanin kaset, wai kashi na biyun shirme ne, na ɗaya ne fim. Yarana uku, babban shekararsa 11, tun jiya suka hana ni sakat. Hankalina bai kwanta ba. In kunna musu? Ni kaina kuma, ya kai in zauna masa?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada ki kunna musu, kuma ki cire shi daga wayar da suke ɗauka. Rashin kwanciyar hankalin nan naki gaskiya ya gaya miki.

Bari in fara da maganar maigida, don tana da tushe. Creepshow na farko ya fito a 1982, George Romero ne ya ba da umarni, Stephen King ya rubuta, labarai biyar cikin awa biyu. Na biyun ya zo a 1987 da labarai uku kacal, kuɗin da aka kashe masa bai kai na farko ba, kuma Romero ya koma gefe ya rubuta tsarin fim daga labaran King, ya bar wa Michael Gornick kujerar umarni. Gornick shi ne mai ɗaukar hoto a na farkon. An shirya wasu labarai biyu aka ajiye su, ɗayansu, na wata baƙar kyanwa, sai a 1990 ya fito a cikin wani fim daban. Duk wanda ya kalli na ɗaya zai ji ramar na biyu. Launukan ja da shuɗi da aka riƙa watsa wa fuskar mutum a lokacin firgita sun ɓace, zanen da ke haɗa labaran kuma mai araha ne.

Amma shirme? A nan na rabu da shi. Labarin tsakiya kaɗai ya isa ya wanke fim ɗin. Ɗalibai huɗu suka je wani tafki da babu kowa, suka yi iyo zuwa wani dandamalin katako da ke tsakiyar ruwa, sai ga wani baƙin abu kamar malalar mai yana kewaye su. Shi ke nan labarin. Babu wanda ya zo ya bayyana mene ne abin, babu boka, babu tsohon gari mai tarihi. Rana tsaka ce, gaɓa tana nan ana hango ta, motarsu ma tana nan rediyo na kiɗa, amma ba hanyar isa. Mutane na cewa abin ya yi kama da baƙar leda a kan ruwa, kuma haka ne, sai dai da ya fara kutsowa ta tsakanin katakai babu mai sake tuna leda. Ina nuna wa masu koyon shirya fim wannan labarin don su ga abin da ake yi da wuri ɗaya da mutum huɗu in an san inda za a ajiye kyamara.

Na ƙarshen ma yana da ƙarfinsa. Wata matar aure ta buge mai neman a rage masa hanya da motarta cikin dare, ta gudu. Sai mamacin ya yi ta dawowa, kowane zuwa jikinsa ya ƙara dagargajewa, yana maimaita mata godiyar rage hanya. Za ki yi dariya, dariyar kuma ta maƙale miki, don kin san alhaki ne yake bin ta. Labarin farko, na mutum-mutumin katako da ya tashi ya rama wa tsofaffin masu kanti da aka kashe, shi ne mafi rauni. Yana jan ƙafa, kuma ba wa Bature Holt McCallany matsayin ɗan ƙabilun asali da Turawa suka tarar a Amurka aibi ne da ba na kare shi. George Kennedy da Dorothy Lamour, waɗanda suka fito a matsayin tsofaffin masu kantin, su ne suka riƙe shi, kuma shi ne fim ɗin Lamour na ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai, wanda kusan kullum sai na ci karo da shi. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da aka zana na yara ne, duk abin da ya ba da dariya kuma ba ya cutarwa. Ƙarya ce, kuma masu tura fim da ba su kalli ko minti goma na abin da suke sayarwa ba su suka fi yaɗa ta. Yaro ya ga hoton bango, ya ja fim gaba sau biyu, ya ga zane, ya jefa shi cikin jakar katun. Wa ya tambaye shi? Wa zai kama shi?

Zanen da ke cikin Creepshow 2 gada ce kawai ta 'yan mintuna tsakanin labarai. Asalinsa mujallun zane na ban tsoro ne da kamfanin EC ya riƙa bugawa a Amurka a farkon shekarun 1950, waɗanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu har wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ya zauna a 1954, mai kamfanin William Gaines ya je ya ba da bahasi, daga baya aka daina buga su. King da Romero sun karanta irinsu suna yara, da suka girma suka yi fim don manya 'yan uwansu masu kewar wancan zamani. Kambamawar nan da ake yi da gangan, jini ya yi yawa, mugu ya cika mugunta, sakayya ta zo nan take, wasa ne da babba yake ganewa domin ya san da gangan aka yi. Ɗan shekara 7 bai san da wannan ba. Shi abin da ya gani shi ne fata tana narkewa daga jikin yarinya tana kururuwa, kuma da shi zai kwana.

Ba jinin kaɗai ba ne ma. A labarin tafkin akwai shaye-shaye, akwai tsiraici, akwai wurin da saurayi yake taɓa yarinya tana barci. Labarin motar kuwa daga gadon cin amanar aure ya fara. A Amurka alamar R aka ba shi, wato wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga sinima sai da babba. Can da aka yi shi ke nan. Mu a nan an cire alamar, an sauya sunan fayil, an miƙa wa uwa da sunan katun. Ko zanen ma ba mai laushi ba ne, ƙarshensa wasu manyan tsirrai ne suke haɗiye yaran da ke cin zalin wani yaro.

Ki koma shagon ki gaya masa da bakinki, ki sa ya fitar da shi daga jakar yara kina tsaye, don ba ke kaɗai yake tura wa ba. Sauran abin da ya tura miki ma ki bi su ɗaya bayan ɗaya kafin su kai hannun yara.

Ke kuma, in kina jure fim ɗin ban tsoro, ki kalle shi bayan sun yi barci, awa ɗaya da rabi ne, ki tsallake wuraren da na faɗa. In yaron ya ce yana da Creepshow 3, kada ki karɓa. Babu hannun King ko Romero a cikinsa, sunan kawai aka ɗauka.